Ɓawon Rake a Bakin Ƙyalesu

Ni na fara gani. Kafin Iliyasu, kafin Mai unguwa, kafin duk mazajen da suka fito da kulake a ranar, idona ne ya fara sauka a kan abin da ke damun karen nan. Na faɗi wannan tun da wuri ne saboda na ji jikokin Iliyasu suna bazawa a kasuwar Gubuchi wai kakansu ne ya ceci kare. Iliyasu fa! Allah ya ji ƙansa, taubashina ne, ɗan kawuna, amma mutum ne da ko ɗan akuya ya yi atishawa a bayansa sai ya nemi rumbun hawa.

Ni Jumare ban shiga boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Jikata Rahmatu ce ke riƙe da alƙalami, ni ke riƙe da magana. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta ƙara gishiri, nawa ya isa.

Abin ya faru ne ba da daɗewa ba bayan Turawa sun naɗe tutarsu, lokacin yankan rake. A zamanin nan, da damina ni manomi ne, da rani kuwa maharbi. Na taɓa yin wani kare, Dogara, wanda bai san tsoro ba. A dajin bayan Janfalan gyado ya sa masa haure a cinya, ya farke ta kamar an tsaga kabewa. Jini na tsartuwa, ni kuwa daga ni sai bante da kwari da baka. Na danne da hannu, na nemi abin ɗauri, babu. Yana kallona ina kallonsa har ya miƙe ƙafa. Da na haƙa masa rami na rufe, sai na ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni da shiga daji hannu rabbana har abada.

Na samo fatar akuya na ɗinka burgami, na ce wannan na kare ne, ba na mutum ba. Tsohon zanen matata Lantana na yayyaga, na tafasa tsummokaran na shanya na naɗe. Na zuba gishiri a ƙahon rago na toshe. Sabulun salo, igiyar rama, ɗan goran ruwa, duk suka shiga. A kasuwar Makarfi na sa wani maƙeri ya buga mini hantsaki mai dogon baki don cire ƙaya. Da ya ji na kare ne, dariya ta kusa jefa shi cikin wutarsa. Sai kuma ƙoƙo. Wannan shi ne babba, domin kowa ya san halin mutanenmu: kwanon da kare ya sa baki sai an wanke shi sau bakwai har da ƙasa, don haka ko kare na mutuwa a ƙofar gida babu matar da za ta miƙo ƙwaryarta. To, nawa karen yana da ƙoƙonsa.

Lantana ta yi ta mita. "Maigida, wato zanen nawa ne zai zama rawanin kare? Gishirin miya ma yanzu da kare muke raba shi?"

Iliyasu kuwa ya sami abin yi. Duk inda muka haɗu sai ya rusuna har ƙasa. "Likitan karnuka, barka da asuba! Yaya majinyata? An sallami na jiya?"

Nakan ce, "An sallame shi, gadonka na nan a gyare."

Karen da na samu bayan Dogara ja ne, mai farin wuya da kunne ɗaya a karye. Saboda surutun mutane na raɗa masa Ƙyalesu. Tun yana ɗan kwikwiyo nake zaunar da shi tsakanin gwiwoyina, in ɗaga leɓensa, in buɗe bakin in leƙa, in murza tafin ƙafarsa, in duba kunne. Ba wasa nake yi ba. Ina so ne ranar wahala kada hannuna ya zama baƙo a jikinsa. Ya girma ya zama kare na gaske. Shi ke tsaron raken fadamarmu daga birai, shi ke kwana a bakin zaurena, in na yi tafiya ba ya cin tuwon kowa sai na dawo.

A kakar da nake ba ku labari, tsoro ya cika ƙauyukanmu. Fatake sun kawo labari daga wajen Hunkuyi cewa mahaukacin kare ya ciji jaki da wani mai kiwo, jakin ya mutu yana cizon turke, mutumin kuma aka ce ko ruwa aka nuna masa sai ya sandare. Mai unguwa Ahmadu ya sa aka yi shela: duk karen da aka ga yana zubar da yawu, a kashe. Kuma al'adarmu a nan sananniya ce, mai kare shi ke fara sa sanda, sannan sauran jama'a su bi. Ana yin haka ne don kada gobe ya ce wani ya kashe masa dabba da gangan.

Ranar da abin ya faru muna wurin matsar rake. Iliyasu ke da injin, irin wanda doki ke zagayawa yana juya shi, ni kuma nake kan kasko ina juya ruwan rake don ya zama mazarƙwaila. Ƙyalesu na kwance a inuwa. Sai Iliyasu ya ɗauki gindin rake, mai kauri, mai ɓawo kamar ƙarfe, ya jefa masa.

"Ungo, ɗan gidan likita! Kai ma ka sha daɗin mulkin kai."

Na ce, "Kai Iliyasu, ba a ba kare gindin rake."

"Me zai yi masa? Ai ubangidansa na da asibiti a rataye."

Kafin in rufe baki karen ya danne shi da ƙafa ya gartsa. Na ji ƙas! Na ga ya girgiza kai, ya sa ƙafar gaba ya sharɓi gefen bakinsa. Nan na gani. Na kira shi, amma daidai lokacin birai suka yi kuka a ƙarshen fadama, ya zabura ya bi su. Ni kuwa kasko ya kai gaɓar da in ka ɗauke ido, aikin mutum goma ya ƙone. Na tsaya na ƙarasa. Na ce wa Iliyasu, "Akwai abin da ya maƙale a bakin karen nan." Ya ce, "Zaƙi ne ya maƙale."

Na sauke kasko, na zuzzuba a ƙananan kwanoni don ya daskare, na bi fadama ina fito. Babu kare. Na zaga bakin rafi, babu. Ina haurowa bayan la'asar sai na ji ihu daga cikin unguwa.

"Mahaukacin kare! Mahaukacin kare! A kwashe yara!"

Gudun da na yi ranar, ko dokin injin Iliyasu aka kwance ba zai kamo ni ba. Na tarar maza sun yi da'ira a bayan gidana, kowa da abin dukansa, wani kulki, wani gora, wani ma ƙotar fartanya. Ƙyalesu ya shige ƙarƙashin rumbuna. Bakinsa a buɗe, ba ya rufuwa, yawu na dalala har ƙirji, ga kumfa, ga ɗan jini-jini. Yana wani irin gurnani mai kama da kakari. Gaskiya duk wanda bai ga abin da na gani da hantsi ba, ba zan ga laifinsa ba in ya tsorata.

Iliyasu na can bayan kowa, ya ɗare kan turmi, shi ne mai babbar murya.

"Na gan shi a bakin rafi! Ya sa baki a ruwa ya kasa sha! Wallahi irin na Hunkuyi ne sak!"

Mai unguwa Ahmadu dattijo ne mai sanyin magana, ba ya son fitina. Ya ɗauki kulkinsa ya miƙo mini.

"Jumare, ka san al'ada. Naka ne, kai za ka fara."

Na durƙusa. "Ranka ya daɗe, karen nan ba shi da hauka. Ɓawon rake ne ya gicciye masa a ganɗa."

"Ka gani da idonka?"

"Na ga lokacin da ya gartsa, na ji ƙararsa. Ga wanda ya jefa masa can a kan turmi."

Iliyasu ya ce, "Ni? Ni da kare? Jama'a ku ji sharri! Ni ko kallonsa ba na yi!"

Mai unguwa ya girgiza kai. "Na san kana son sa. Amma sabo da kaza ba ya hana yanka. Akwai yara a unguwar nan. In ya fito ya ciji ɗan wani, me zan ce wa uwarsa?"

Maganarsa gaskiya ce. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini alfarma ɗaya. A yi shiru in kira shi. Mahaukacin kare bai san ubangidansa ba, bai san sunansa ba. In bai amsa ba, ga kulki a hannuna."

Mai unguwa ya ɗaga hannu, wuri ya yi tsit. Na tsuguna nesa kaɗan da rumbu, na yi magana yadda nake yi masa in za mu fita da safe.

"Ƙyalesu. Ɗan gidana. Ni ne."

Gurnanin ya tsaya. Kunnen nan karyayye ya motsa. Sannan, a gaban idon mazajen unguwa duka, wutsiya ta bugi ƙasa. Ta sake bugawa. Ya sa ƙafa yana ta sharɓar bakinsa yana kallona, kamar mai cewa ga inda yake, me kake jira?

Wani ya ce, "Ai mahaukaci ma yakan yi lafiya na ɗan lokaci."

Mai unguwa ya ce, "In ka shiga ya cije ka fa?"

"Ni ya ciza, ranka ya daɗe, ba ɗan kowa ba."

Mai unguwa ya ce wa jama'a su ja da baya amma kada kowa ya ajiye sandarsa.

Burgamina na rataye a zaure, ga shi jama'a sun tare hanya, in na tashi kuma wani mai zafin kai zai iya kai duka. Sai na ji an ce, "Maigida!" Na ɗaga kai. Lantana ce ta leƙo ta saman danga, ta jefo burgamin ya faɗo a gabana, ta biyo shi da bargon da nake rufa da shi.

"Ga asibitin naka. In ka bari ya mutu, ka biya ni zanena."

Matar da ta shekara tana zagin karen nan ke nan.

Na buɗe burgami a hankali, na fito da igiya da hantsaki na ajiye inda hannuna zai kai. Ban tunkare shi ta gaba ba, domin kare mai ciwo ko uwarsa ce ta zo ta gaba zai kai mata cafka. Na rarrafa ta gefe ina ta yi masa magana, na zura igiya a wuyansa, na jawo shi a hankali har ya fito fili. Jama'a suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Iliyasu ya faɗo daga kan turmi, ya sake hawa.

Na lulluɓa masa bargo har kafaɗa don kada ƙafafun su yage ni, na zauna na matse shi tsakanin gwiwoyina, zaman da ya sani tun yana kwikwiyo. Jikinsa na rawa, zuciyarsa na bugun cinyata. Saura abin da zai tokare bakin don kada ya datse a kan hannuna. Na duba, sai ga kulkin Mai unguwa a gefena, wanda aka ba ni in fasa masa kai da shi. Na ɗauka na gicciya siririn bakinsa can cikin muƙamuƙi, na ɗaga kan karen sama wajen hasken rana.

Ga shi nan. Ɓawon rake, faɗinsa kamar yatsa biyu, ya tokare daga matauni na dama zuwa na hagu, ya manne a ganɗa kamar an auna an kafa. Gefensa ɗaya ya nutse a dasashi, wurin ya kumbura. Yaya zai rufe baki? Yaya zai lashi ruwa?

Na ce, "Wanda ke da ido ya zo ya gani!" Babu wanda ya motsa sai Mai unguwa. Dattijon nan ya tako har bayana, ya sunkuya ya leƙa, ya ce, "Ikon Allah."

Na sa hantsaki na kama tsakiyar ɓawon. Ba a fizgar irin wannan, in ka fizga ka tsaga dasashi. Na tura shi baya kaɗan don gefen da ya nutse ya saki, sannan na karkata. Karen ya yi ƙara, ya fizge kai, kulki ya zame, fiƙarsa ta sauka a gindin babban yatsana ta shige. Na ji zafin har ƙeya. Amma ban saki ba. Wani ne zai saki, ba Jumare ba. Na murɗa, sai ga ɓawo a bakin hantsaki, jini na ɗiga.

Na ɗaga shi sama na juya shi ko'ina. "Ga haukan! Iliyasu, sauko ka karɓi rakenka!"

Ƙyalesu ya rufe baki, ya buɗe, ya rufe, kamar mai gwada sabuwar ƙofa. Na jiƙa tsumma da ruwan gishiri na goge masa dasashin. Mai unguwa ya ce, "A kawo ruwa mu gani." Nan fa kowa ya shiga kallon ɗan'uwansa. Gidaje kewaye da mu, ƙore cike da ɗakuna, amma babu wanda ya aika a ɗauko. Ni kuwa na sa hannu a burgami na fito da ƙoƙonsa, na tsiyaya ruwan gora. Ya sa harshe. Laƙ, laƙ, laƙ, har ya ga ƙasan ƙoƙo, ya ɗago yana neman ƙari. Ban taɓa jin kiɗan da ya kai wannan daɗi ba, har kalangun bikina.

Sandunan suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Amma Iliyasu ya hango hannuna.

"Ya cije shi! Jama'a, ya cije shi! Yanzu mahaukata biyu gare mu!"

Ban kula shi ba. Na ɗauki sabulun salo na wanke ciwon, na yi ta kwarara ruwa ina sake wankewa har goran ya ƙare, Lantana ta miƙo wani ruwan ta saman danga na ci gaba. Sannan na naɗe da tsumman zanenta.

Mai unguwa ya ce, "Jumare, na ga ɓawo, na ga ya sha ruwa. Amma hankalin jama'a bai kwanta ba. Za ka ɗaure shi a gindin tsamiyar gidanka har wata ya mutu wani ya tsaya. In ya canza, ka san abin da ya rage."

Na ce, "Na yarda, ranka ya daɗe. Ko ba ka faɗa ba haka zan yi." Na goge kulkinsa na miƙa masa. Ya dubi shatin haƙora a jiki ya ce in riƙe, ya zama na asibiti.

Kwanakin nan na ga halin mutane. A masallaci sai na ga sahu ya yi mini faɗi, dama da hagu babu kafaɗar kowa. Masu kawo gaisuwa daga bakin zaure suke tsayawa, kowa idonsa a kan bakina. Wata tsohuwa ta zo da ƙwaryar ruwa wai in sha ta gani, na shanye na ce ta ƙaro da fura. Iliyasu kuwa kullum da safe sai ya leƙo ta danga.

"Taubashi, an tashi lafiya? Ka fara haushi, ko sai an jima?"

Ran nan na gaji. Da ya leƙo sai na yi masa "Wau!" Takalminsa ɗaya a nan ya kwana, na jefa wa Ƙyalesu ya yi matashi da shi.

Karen kuwa kunu mai sanyi na riƙa dama masa da farko, ina wanke bakin da ruwan gishiri safe da yamma, har kumburin ya saɓe ya koma tuwo. Da sabon wata ya tsaya, Mai unguwa ya zo da kansa da dattawa. Ƙyalesu ya tashi ya yi miƙa, ya kaɗa musu wutsiya. Mai unguwa ya ce, "Kwance shi." Da hannun nan da ya ciza na kwance igiyar. Ya zaga tsamiya a guje, ya dawo ya dafa ƙirjina, sannan ya miƙe fadama. Kafin azahar mun ji birai na kururuwa.

Ya rayu har gemunsa ya yi fari, ya mutu a bakin zaurena da tsufa, ba da sanda ba. Tun daga ranar babu wanda ya ƙara jefa wa kare gindin rake a wurin matsa. Masu dariya kuma suka koma sallama. Makiyayi ya zo da karen da ƙaya ta shige wa tafi, maharbi ya zo da wanda tarko ya karya. Har daga Ikara an zo an ce a nuna gidan likitan karnuka, kuma babu mai murmushi in ya faɗa. Ni dai abin da nake ce wa kowa, je ka ɗinka naka burgamin, ka saba wa karenka da hannunka tun yana ƙarami, domin ranar da abin zai zo Jumare na iya kasancewa a kan kasko.

Iliyasu har ya koma ga Allah bai amsa cewa shi ya jefa raken ba. Da tsufa ya kama shi ma sai labarin ya juye a bakinsa, wai shi ya hango ɓawon daga kan turmi ya nuna mini. Daga kan turmi! Mutumin da idonsa ke rufe yana salati.

Mai unguwa ya tafi, Lantana ta tafi, duk masu kulaken nan sun tafi. Ni da aka ce zan yi haushi kafin wata ya tsaya, ga ni nan ina cin tuwona, ina shan ruwa da babbar moɗa. Tabon na nan a gindin yatsana. Kulkin na nan a zaure da shatin haƙora. Jan karen da ke kwance a bakin ƙofa kuwa jinin Ƙyalesu ne, kuma bai san kowa ba sai ni.

Wanda ya ce ƙarya nake yi, ko jikan Iliyasu ne ko waninsa, hanya ba ta da wuya, a tambayi gidan Jumare a Gubuchi. Zan ba shi kulkin, in ba shi hantsakin, in kira masa karen. Ya zauna ya buɗe bakin ya nuna mini inda ɓawon ya tsaya. In ya tashi da yatsunsa biyar, Rahmatu ta goge sunana ta sa na kakansa.